Askin Mangwaro Bayan Hunturu

Karatu: Yohanna 15:1-8

 Kafin ka ci gaba, ina roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan takwas a hankali. Idan kana tare da wanda bai iya karatu ba, ka ɗaga murya domin shi ma ya ji.

Yau zan kai ku Malanville, a can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Garin yana bakin Kogin Kwara, kusa da inda kogin Sota ke zuba ruwansa a ciki. In ka tsaya a bakin ruwa, ƙasar Nijar ce a ƙetare, garin Gaya kuwa yana ɗan gaba da gada. Kasuwar Malanville tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Benin. A cikinta za ka ji Dendi, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Hausa, ka ga shinkafa da albasa da masara tuli tuli.

A ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki a Yamai. Bayan 'yan kwanaki aka rufe iyaka, aka tare gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Ɗaruruwan manyan motoci suka tsaya cak da kayansu. A Fabrairun 2024 ƙasar Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe a wannan shekara. Ba maganar siyasa ce ta kawo ni ba. Abin da nake so ku gani shi ne talakan da abincinsa yake rataye a kan gadar nan: ɗan dako, mai sayar da abinci, dillali, yaron mota, mai gyaran taya.

A watan Mayu na 2024 na sauka a gidan wani ɗan'uwa mai bi a garin. Shi ma daga gadar yake cin abinci. A tsakar gidansa akwai wani ƙaramin mangwaro mai aure, wanda ya dasa shekara uku kafin nan domin inuwa da kyan gida, da begen 'ya'yansa su sha. Wahala ta sa ya manta da shi. Hunturu ya zo ba a ba shi ruwa ba, shingen ƙaya ya faɗi, akuya ta shiga ta karya reshe ɗaya. Gefen da iska ke bugawa ya bushe ƙayau. Duk da haka mai masaukina yana murna. Ya ja hannuna ya ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah. Na ɗauka ya mutu, ga shi ya farfaɗo." Gaskiya ne, daga gindin itacen wasu tohuna huɗu sun miƙe, koraye shar, har sun kusa kamo tsawon tsohon itacen.

Da yamma wani tsoho maƙwabcinsa, mai lambu a bakin Sota, ya shigo gaisuwa. Aka nuna masa. Bai ko dubi ganyen ba. Ya tsuguna, ya shafa jikin itacen daga ƙasa zuwa sama, har hannunsa ya tsaya a kan wani ɗan kumburi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ga auren nan. Duba inda tohon nan suka fito. Duk a ƙasa da shi suke."

Mai gida ya ce, "Baba, ai duk itace ɗaya ne."

Tsoho ya girgiza kai. Ya ce, "Itace biyu ne a jiki ɗaya. Wanda ka saya da kuɗinka shi ne na sama. In ka bar waɗannan, nan da shekara biyu za ka sami inuwa, amma mangwaron da ka dasa ya tafi."

Yadda ake aurar da itace

Bari in bayyana wa wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba. Mai lambu yakan shuka ƙwallon mangwaro na gida, irin mai zare da ƙananan 'ya'ya, domin saiwarsa tana da ƙarfi, ta kuma saba da ƙasarmu da zafinmu. In ya yi kaurin yatsa, sai a yanke kansa, a kawo ɗan reshe daga itace mai kyawawan 'ya'ya, a fere su biyu yadda za su dace, a haɗa, a ɗaure da leda tam. Bayan 'yan makonni raunin ya warke, su manne. Daga nan saiwar na ƙasa ce ke jawo ruwa, reshen na sama ne ke ba da 'ya'ya. Irin su Kent da Keitt, waɗanda aka sani a lambunan Afirka ta Yamma, asalinsu daga jihar Florida ta Amurka ne, kuma ta hanyar aure ake yaɗa su, gama in ka shuka ƙwallon Kent ba lalle ne ya ba ka Kent ba. Itace mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, na ƙwallo kuwa yakan daɗe fiye da haka.

To, me ke faruwa da hunturu? Daga wajen Disamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya, mai ƙura da sanyin asuba. Yadda take fasa mana leɓe da dunduniya, haka take tsotse ruwan ganye da ƙananan rassa. Babban itace ba ya damuwa, a lokacin ne ma yake huda. Amma ƙarami wanda saiwarsa ba ta yi nisa ba, in ba a ba shi ruwa ba, kansa yakan bushe. Bayan hunturu kuma ga bazara, wadda a Malanville zafinta kan wuce digiri 40. In saman itacen ya raunana, ƙarfin da ke cikin saiwa yakan nemi wata hanyar fita. Sai idanun da ke barci a ƙasa da aure su farka. Su ne mafi kusa da saiwa, su ne ke fara shan ruwa, saboda haka sukan fi reshen aure saurin girma. A ƙarshe su rufe shi da inuwa, ya ƙarasa mutuwa.

Manomi da rassa

A cikin karatunmu na yau, Yesu ya kamanta kansa da itacen inabi, Ubansa da manomi, mu masu bi kuma da rassa. Ya ce manomin yana aiki iri biyu. Reshen da ba ya haihuwa yakan cire shi. Wanda yake haihuwa kuma, shi ma wuƙa takan taɓa shi, domin 'ya'yansa su ƙaru. Ka lura, babu reshen da aka ce wuƙa ba za ta je kusa da shi ba.

Misalin mangwaro ba daidai yake da na inabi ba a kowane gefe, amma yana buɗe mana ido a kan abu guda. Ranar da ka ba da gaskiya ga Almasihu, Allah bai tumɓuke ka ya yar ba. Harshenka, danginka, ƙarfin jikinka, wayonka na kasuwa, duk suna nan kamar saiwar mangwaron gida. Abin da ya yi shi ne ya dasa sabon rai a kanka, domin duk ƙarfin nan ya riƙa hawa sama yana zama 'ya'ya masu daɗi. Manzo Bulus, a Afisawa sura 4, ya yi maganar tsohon mutum da za a tuɓe da sabon mutum da za a yafa. A Galatiyawa sura 5 kuma ya jera ayyukan halin mutuntaka a gefe guda, da albarkar Ruhu a ɗaya gefen. Tsohon mutumin nan yana da idanu masu barci a ƙasa da aure. Lokacin da ya fi farkawa shi ne bayan wahala.

Dubi Bitrus. Yesu ya faɗi maganar itacen inabi a daren da aka bashe shi. Bitrus yana wurin, ya ji da kunnensa. Kafin gari ya waye, ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Daga baya, Yohanna ya gaya mana a sura 18 cewa ana sanyi a daren, bayi da dogarai sun hura wutar gawayi, Bitrus yana tsaye tare da su yana jin ɗumi. Duk wanda ya san hunturu ya san wannan zama. A bakin wutar nan ne tsoro ya kama shi, ya yi musun Ubangijinsa. Sau uku ya yi musu a daren. Shekarun da ya yi yana bin Yesu ba su hana tsohon Siman tohowa ba: saurin hannu, saurin baki, da ƙaryar ceton kai.

Ba kowane kore ne warkewa ba

Ya ɗan'uwana, wane hunturu ne ya bi ta kanka? Wani rufe gada ne ya kashe masa ciniki. Wani ambaliya ce ta cinye masa shinkafa, kamar yadda ta yi wa mutanen Malanville da Karimama a 2010. Wata mijinta ne ya rasu. Wani ciwo ne ya kwantar da shi wata shida. Ka fita da rai, mun gode wa Allah. Amma ina tambayarka: abin da ya tsiro a rayuwarka bayan wahalar, daga ina ya fito?

Akwai wanda ya farfaɗo a kasuwa, kowa yana yi masa barka, alhali mudun da yake awo da shi ya ƙanƙance. Akwai wanda ya ce ya koyi darasi, ba zai ƙara yarda da kowa ba, yana kiran wannan hikima, alhali ɗacin rai ne. Akwai wanda ya daina kuka, ya zama jarumi a waje, amma matarsa da 'ya'yansa ne ke shan zafin a gida. Akwai wadda ta ce addu'a ta yi jinkiri, ta bi ta ƙofar baya zuwa wurin boka, ranar Lahadi kuma tana kan layin gaba a mawaƙa. Akwai saurayin da ke haɗiyar ƙwaya domin ya iya dako daga safe har dare. Duk waɗannan suna da ganye. Suna girma da sauri, suna ba da inuwa, maƙwabta suna yabawa. Amma a ƙasa da aure suka fito, kuma ruwan da ya kamata ya hau zuwa bangaskiya da ƙauna da gaskiya su ne suke shanyewa.

Mutane sukan ce hali zanen dutse ne. Wani ma yakan fake da wannan, ya ce, "Haka nake, haka ubana yake." Gaskiya ne saiwa ba ta canzawa. Amma mai lambu bai taɓa cewa tun da gindin na gida ne, dole a sha mai zare ba. Yana da wuƙa.

Yadda tsohon ya yi askin

Washegari da sassafe tsoho ya dawo da wuƙa mai kaifi da ɗan ƙaramin zarto. Na tsaya ina kallo, kuma kowane abu da ya yi ya zame mini wa'azi.

Da fari ya ce da an kira shi a tsakiyar hunturu, da bai taɓa rassan sama ba. A lokacin ba a iya bambanta wanda ya mutu da wanda ya suma. Sai an jira iska ta juya, damina ta ƙarato, mai rai ya nuna alama. Ko a ranar ma bai sari kome da ka ba. Yakan kankare ɓawo kaɗan da farce. In ya ga kore da danshi a ciki, sai ya wuce. In ya ga ya bushe, sai ya sauko ƙasa kaɗan ya sake gwadawa, har ya kai inda rai yake. Dattawan ikilisiya, ku ji wannan. Ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada bayan masifa, kada ku yi saurin share sunansa. Ku je gidansa, ku kankara a hankali, ku ga ko akwai kore a ciki. Ku tuna da mai lambun da ke cikin Luka sura 13, wanda ya roƙi a ƙara wa itacen ɓaure shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki.

Sa'an nan ya yanke busassun rassa, kowanne dab da saman ido mai rai, a karkace domin ruwan sama ya zurare. Ya ce busasshen reshe gidan gara ne da ƙwari, daga can suke gangarowa cikin lafiyayyen jiki. Reshen da akuya ta karya, ya gyara bakin raunin ya zama sumul, gama rauni mai kaca-kaca ba ya saurin warkewa. Ka ga bambancin hunturu da manomi. Hunturu yakan karya yadda ya ga dama. Kada ka ce duk masifar da ta same ka horo ne daga Allah saboda wani zunubi. Amma manomi yakan zo bayan ɓarna, ya bi raunin da wuƙarsa domin ya warke da kyau.

Bayan haka ya tsuguna wurin tohon nan huɗu. Mai gida ya ce, "Baba, a bar ko guda ɗaya mana, saboda inuwa." Tsoho ya ce, "Guda ɗaya ya isa ya kashe shi." Ya yanke su duka dab da jiki, bai bar kututture ba, domin kututture yakan sake fitar da biyu ko uku. Ya ce za su ƙara fitowa, sai a riƙa dubawa kowane mako, a murje su da yatsa tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zunubin da za ka iya murjewa yau da tuba cikin addu'ar safe, in ka bar shi shekara, sai da zarto.

A ƙarshe ya ja da baya ya dubi siffar itacen. Ya zaɓi rassa uku masu rai a sama da aure, kowanne yana fuskantar nasa gefen, ya ce su ne za su zama ginshiƙan itacen. Gefen da iska ta cinye ya rage a wofi. Na tambaye shi ko ba zai rage ɗaya gefen ba domin su yi daidai. Ya ce a'a, itacen da ya sha wuya ba a raba shi da ganye mai yawa a rana ɗaya, gama da ganyen yake cin abinci. Siffa za ta dawo a damina biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa. Ya ce a yi masa gurbin ruwa, a zuba ruɓaɓɓen taki nesa kaɗan da gindi, a tā da shinge.

Haka Ubangiji ya yi da Bitrus. A Yohanna sura 21, a bakin teku, aka sake hura wutar gawayi. A wannan karo Yesu ne ya hura ta, ya kuma ciyar da su tukuna. Sa'an nan ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa. Tambaya ta uku ta yi wa Bitrus zafi. Wuƙa ce. Amma bayan kowace tambaya sai ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Ya sami kore a cikin reshen, ya gina a kansa.

Abin da ya rage

Da tsoho ya gama, itacen ya zama abin tausayi. Jiya yana cike da ganye, yau 'yan rassa uku ne tsirara. Mai masaukina ya daɗe yana kallonsa shiru. Da dare, bayan addu'ar iyali, ya ce yana so mu yi magana. Ya gaya mini cewa a watannin wahala ya karɓi kuɗi a hannun wani abokin cinikinsa na ƙetaren kogi. Da ya ga hanya a rufe, ba takarda, ba shaida, sai ya yi shiru. Da kuɗin ya kama wata 'yar sana'a, tana kuma tafiya. Ya ce, "Malam, tun daga lokacin na kasa yin addu'a. Ina buɗe baki sai in ga fuskarsa."

Ban ce masa abu ne mai sauƙi ba. Mayar da kuɗin nan yana nufin sana'ar ta girgiza, yara su koma cin abinci sau biyu a rana na wani lokaci. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 12, ba ta ɓoye mana ba cewa horo yana da zafi a lokacin da ake yinsa, daga baya ne amfaninsa na adalci da salama yake fitowa. Muka yi addu'a. Kafin in bar garin ya kira mutumin a waya, ya faɗi gaskiya, ya roƙi a ba shi lokaci ya biya kaɗan kaɗan.

Bayan 'yan makonni ya aiko mini da saƙo cewa sabon ganye ya fito, jaja-jaja kamar yadda na mangwaro yake fitowa, kuma a sama da aure. Itacen bai yi 'ya'ya a shekarar ba. Shi ma bai gama biyan bashin a shekarar ba. Amma ya ce bakinsa ya buɗe a gaban Allah.

Ayuba, a cikin tsananin wahalarsa, ya lura a sura 14 cewa itacen da aka sare yana da bege, gama da ya ji ƙanshin ruwa yakan sake toho. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, muddin auren yana da rai, ba a makara ba. Idan maganar nan ta soke ka, wannan zafin ma alama ce cewa akwai kore a ciki. Busasshen icce ba ya jin wuƙa.

A wannan mako, ka keɓe lokaci kai kaɗai. Ka lissafa abubuwan da suka shigo rayuwarka tun bayan wahalarka ta ƙarshe, na kuɗi, na magana, na abota, na zaman gida. A kan kowanne ka tambayi kanka a gaban Allah, daga ina wannan ya fito? In akwai wanda za ka mayar wa hakkinsa, ka nemi hanyarsa. In ka kasa kai kaɗai, ka je wurin fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri.

Addu'a

Ya Uba, kai ne manomin rayuwata. Ka san hunturun da ya bi ta kaina, ka kuma san abin da ya tsiro a bayansa. Ka nuna mini tohon da ya fito daga tsohon halina, ko da ina ƙaunar inuwarsa. Ka ba ni ƙarfin hali in tsaya shiru a ƙarƙashin wuƙarka. Ka tuna da mutanen Malanville da na Gaya, da duk waɗanda abincinsu ya yanke, ka buɗe musu hanya ta gaskiya. Ka riƙe ni manne da Ɗanka, domin in ba da 'ya'ya masu ɗaukaka sunanka. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.